Ra'ayinmu: Asirin Wa Muke Rufewa?

Kowace shekara, idan ranar 27 ga watan Mayu ta zagayo, akan tara yaran makaranta a filayen wasa na manyan garuruwanmu domin bikin Ranar Yara. Su yi maci, manya su yi jawabai, a kira su manyan gobe, sa'an nan kowa ya watse. A ikilisiyoyi da yawa ma akan keɓe Lahadi guda ta yara, inda su ne za su bi da sujada, su rera waƙoƙi, su kawo haddar ayoyi, iyaye suna tafi. Duk wannan abu ne mai kyau, ba mu da ja a kansa. Amma akwai yaran da ba a ganinsu a filin maci, ba a kuma ganinsu a gaban majami'a, domin a daidai wannan lokaci suna can gida suna wanke-wanke, ko kuwa suna zaune a bencin baya da wani abu a zuciya wanda ya fi ƙarfin bakinsu. A kan waɗannan yara ne muke so mu yi magana da masu bi yau.

Kada wani ya yi tsammanin 'yan ƙalilan ne. A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, da haɗin gwiwar UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin ƙasar nan a kan cin zarafin yara. Sakamakon da aka bayyana a 2015 ya nuna cewa a cikin kowane yara 10, kimanin 6 sukan gamu da wani irin cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami wani taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken ya kuma nuna cewa masu aikata wannan ta'asa yawancinsu mutanen da yaron ya sani ne, wato iyaye, da dangi, da malamai, da maƙwabta. Waɗannan alƙaluma na ƙasa ne baki ɗaya. In kuwa abin da ke faruwa a ƙasa shi ne ke faruwa a cikinmu, to duk ajin Makarantar Lahadi mai 'yan mata 40, akwai wajen 10 da wannan masifa ta taɓa su, ko za ta taɓa su kafin su girma.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan aka ta da zancen yara marasa gata a taron masu bi, nan da nan sai a koma kan almajirai masu bara a titi, ko 'yan mata masu talla a tasha. Wannan matsala ce ta gaske, kuma malaman Musulunci da sarakuna su da kansu sun sha yin magana a kanta. Amma almajiri yana kan titi, kowa yana ganinsa. Namu marasa gata a cikin gida suke, a bayan katanga da ƙofar ƙarfe, shi ya sa muke iya wuce su ba tare da lamirinmu ya dame mu ba.

Bari mu fara da yarinyar gida. Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasarmu, kuma al'ada ce mai albarka. Da yawa daga cikin fastocinmu, da malaman makaranta, da likitoci, a hannun kawu ko gwaggo ko wani malamin mishan suka tashi, kuma ba don wannan riƙon ba da ba su ga ƙofar aji ba. A da, wanda ya ɗauki ɗan riƙo ya san akwai idon dangi a kansa, ya san kuma ranar da zai mai da yaro gida za a tambaye shi abin da ya koya masa. Yanzu abin ya zama kasuwa. Uwargida a birni za ta ce tana neman yarinya. Wata mata da wannan ce sana'arta za ta shiga ƙauye lokacin Kirsimeti ko bayan girbi, ta kai wa iyaye sabulu da turmin zane da ɗan kuɗi, ta yi alkawarin za a sa yarinya a makaranta. Iyayen da abincin gidansu ba ya kai su damina sai su ga kamar Allah ne ya amsa addu'a. Daga ranar da yarinyar ta hau mota, sau da yawa ba su san sunan unguwar da aka kai ta ba, balle lambar gida. Kuɗin aikinta kuwa a hannun dillaliya yake ƙarewa.

Tashe-tashen hankula sun ƙara wa wannan kasuwa ƙarfi. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Arewa maso Gabas, ga kuma hare-haren da ƙauyukan Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna suka sha fama da su, marayu da gwauraye sun yi yawa, iyalai sun watse cikin sansanonin gudun hijira da ɗakunan makarantu da harabar majami'u. Gwauruwar da aka bari da yara shida, in wani mai mota ya zo da Littafi Mai Tsarki a hannu ya ce zai ɗauki biyu ya ilimantar da su, da wane baki za ta tambaye shi takarda? Akwai masu yi don Allah, kuma Allah zai sāka musu. Amma akwai masu neman bayi a ɓagas, kuma tufafinsu iri ɗaya ne da na farkon.

Rayuwar irin wannan yarinya ba ɓoyayya ba ce ga kowa a cikinmu. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta yi wa yaran gida wanka, ta ɗauki jakunkunansu ta raka su makarantar da ita ba ta shiga. Abincinta ragowar tukunya, makwancinta kicin ko baranda. Idan faranti ya fashe ko canji ya ɓata, sai wayar wuta, ko a hana ta abinci, wani lokaci har da barkono. Idan dare ya yi kuma, a wasu gidaje, maigida ko babban ɗansa ya san hanyar kicin. Ranar da ciki ya bayyana sai a ɗaure mata kayanta a leda a sa ta a mota, a aika wa iyayenta cewa yarinyarsu ta lalace. Sa'an nan ranar Lahadi maigidan ya hau bagade ya karanta sanarwa, uwargida kuma ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta shiga layin baiko tana rawa.

Ya kamata masu bi su sani cewa dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, kuma a 2003 aka kafa Dokar 'Yancin Yara, wadda ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 28 na dokar ya hana a sa yaro aikatau a wani gida da ba na iyalinsa ba. Sashe na 31 ya ce duk wanda ya sadu da yaro ko yarinya ya yi fyaɗe, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai, kuma ba hujja ba ce ya ce da yardarta aka yi, ko ya ce ya ɗauka ta girma. Jihar Filato ta kafa tata dokar a 2005, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke zartarwa, ta tanadi ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Abin kunya ne a ce sai gwamnati ta yi wa Kirista barazanar kurkuku kafin ya ji tausayin ɗiyar wani. Mu da muke karanta labarin ƙaramar yarinyar nan da mayaƙan Suriya suka kamo daga Isra'ila ta zama baiwar matar Na'aman, a 2 Sarakuna sura 5, mun san cewa ta bakin wannan baiwa ne Allah ya kawo warkarwa a gidan. Allah ya san sunanta ko da yake marubucin bai faɗa mana ba, haka nan ya san sunan wadda ke kwana a kicin ɗinmu.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi mana ciwo, wato abin da ikilisiya takan yi idan magana ta fito. Yarinya ta gaya wa uwarta cewa malamin mawaƙa, ko shugaban matasa, ko wani dattijo, ko fasto da kansa, ya taɓa ta. Uwa ta kai kuka gidan fasto da dare don kada a gan ta. A kira dattawa, a rufe ƙofa, a yi addu'a. Mai laifi ya musa, ko ya durƙusa ya yi kuka ya ce aikin Shaiɗan ne. Daga nan sai a juya kan iyayen yarinya da roƙo: a yi haƙuri, a bar wa Allah, a rufa asiri, kada sunan Ubangiji ya ɓaci a gaban waɗanda ba masu bi ba. A ba su ɗan kuɗin magani. A sa mutumin ƙarƙashin horo na 'yan watanni, ya zauna a bencin baya, a hana shi cin Jibin Ubangiji. In ma'aikacin ikilisiya ne, a yi masa canjin wurin aiki zuwa wata gunduma, inda ba wanda ya san shi, inda kuma akwai wasu yara. Sau da yawa ma har yarinyar akan haɗa a cikin horon, kamar abin da aka yi mata da ƙarfi zunubi ne da suka yi tarayya a ciki.

Muna tambaya: asirin wa aka rufe a nan? Ba na yarinyar ba ne, domin unguwa duka ta riga ta ji, kuma ita ce za a riƙa nunawa da baki har ranar aurenta. Asirin mai laifi aka rufe, da na shugabannin da ba sa son a ce a zamaninsu abin ya faru. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana ƙarshen irin wannan shiru ba. A 2 Sama'ila sura 13, Amnon ɗan sarki ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe, sa'an nan ya sa aka kore ta aka kulle ƙofa. Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, tun da yake abin na cikin gida ne. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta kowa ba. Tamar ta zauna a gidan wanta cikin kaɗaici da baƙin ciki. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga nan kuma gidan Dawuda bai sake zama lafiya ba har sai da ɗa ya kori ubansa daga gadon sarauta. Shirun da aka yi don a tsare mutuncin gida, shi ne ya rushe gidan.

Wanda yake ganin wannan labarin dā ne, ya dubi abin da ya sami Ikilisiyar Ingila. Wani babban lauya mai suna John Smyth, wanda yake cikin shugabannin sansanonin hutu na matasa Kirista, ya riƙa yi wa yara maza da samari mugun duka da sanda har jini ya zuba, yana ce musu horon zunubi ne. Tun a 1982 wasu limaman ikilisiya suka sami cikakken rahoto a rubuce, amma ba su kai wa 'yan sanda ba. A 1984 mutumin ya ƙaura zuwa Zimbabuwe, ya buɗe wasu sansanonin, ya ci gaba da abin da ya saba a kan 'ya'yan Afirka, daga baya ya koma Afirka ta Kudu, inda ya mutu a 2018 ba tare da wata kotu ta hukunta shi ba. Rahoton binciken da aka fitar a watan Nuwamba na 2024 ya ce waɗanda ya cuta sun haura 100, ya kuma ce Akbishop na Kantabari, Justin Welby, wanda labarin ya kai gare shi a 2013, bai yi abin da ya kamata ba wajen tabbatar da an bi maganar. Cikin 'yan kwanaki Akbishop ɗin ya sanar da murabus ɗinsa. Waɗanda suka yi shiru a 1982 sun ɗauka aikin bishara suke karewa. Abin da shirunsu ya haifar shi ne ƙarin yaran da aka cuta a wata nahiya, da kunyar da ta ninka wadda suka guda. Canjin wurin aiki da muke yi wa mai laifi daga wannan gunduma zuwa waccan, ƙanin wannan ne.

Mun san hujjojin da akan kawo, kuma ya kamata a amsa su. Na farko, akan ce Kirista mai gafara ne. Gaskiya ne, kuma babu zunubin da ya fi ƙarfin jinin Almasihu. Amma gafara ba ta soke hukuncin hukuma, ba ta kuma mai da kura makiyayin awaki. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye ya sami alkawarin Firdausi, duk da haka shi da bakinsa ya yarda cewa hukuncin da ake yi masa daidai ne. Tuban da ke gudun 'yan sanda, a sake dubansa. Ban da haka, gafara ta wanda aka cuta ce, shi zai ba da ita a lokacin da Allah ya warkar da zuciyarsa. Zalunci ne na biyu dattawa goma su kewaye yarinya 'yar shekara 12 su ce sai ta furta ta yafe kafin a tashi taro.

Na biyu, akan kawo 1 Korantiyawa sura 6, inda Manzo Bulus ya tsawata wa masu kai 'yan'uwa ƙara gaban alƙalai. Wanda ya karanta wurin da kyau zai ga ƙananan husumomi na harkar yau da kullum ake magana, irin waɗanda mai hikima ɗaya zai iya sasantawa. Bulus ɗin nan ne kuma ya rubuta a Romawa sura 13 cewa mahukunta ma'aikatan Allah ne da aka ba ikon hukunta mai mugunta. Majalisar dattawa tana da ikon horon ikilisiya, amma ba ta da ikon yanke shari'ar fyaɗe, kamar yadda ba ta da ikon yanke shari'ar kisan kai. Na uku, akan ce sunan ikilisiya zai ɓaci. Maƙwabtanmu ba yara ba ne, sun san cewa a kowane garke akwai ɓatacce. Abin da suke kallo shi ne yadda za mu yi da shi. Ikilisiyar da ta kama hannun dattijonta ta kai shi ofishin 'yan sanda ta yi wa'azin da ya fi na taron farkawa na mako guda.

Akwai kuma cutar da ake yi wa yara da sunan tarbiyya ko da sunan ruhaniya. Ba mu ce kada a hori yaro ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma horon da ya bar tabo, ko karaya, ko ƙuna, ya tashi daga horo ya koma huce haushi, kuma Afisawa sura 6 da ta umarci yara su yi biyayya ita ce ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Mafi muni shi ne ɗora wa yaro maita. Mutuwa ta faru a gida ko kasuwa ta karye, sai wani mai gidan addu'a ya nuna maraya ko ɗan kishiya ko yarinyar gida ya ce shi ne. A sa yaro azumin dole, a daure shi, a doke shi har ya amsa abin da bai sani ba. Abin ya yi ƙamari a Jihar Akwa Ibom har ta sa shi cikin laifuffukan da dokarta ta 2008 ta hana, kuma ba za mu ce iskar ba ta kaɗo Arewa ba. Babu inda Ubangijinmu ya kira wani yaro maye. Yaran da aka kawo masa da ciwo, warkar da su ya yi ya miƙa wa iyayensu.

Matsayin Yesu a kan yara a fili yake. A Matiyu sura 18, sa'ad da almajirai suke gardamar girma, ƙaramin yaro ya kira ya tsayar a tsakiyarsu, ya nuna musu cewa karɓar irin wannan yaro saboda shi daidai yake da karɓarsa. A nan ne kuma ya yi gargaɗi mai zafin gaske, cewa nutsewa cikin teku da dutsen niƙa a wuya ya fi wa mutum sauƙi a kan abin da ke jiran wanda ya jefa ƙaramin yaro cikin halaka. Wasiƙar Yakubu ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'aunin addini na gaskiya. Tarihinmu ma haka ya nuna. Samuel Ajayi Crowther yaro ne da aka kama bawa, aka cece shi daga jirgin masu fataucin bayi a 1822, ikilisiya ta rene shi, ya zama bishop a 1864, ya kawo bishara bakin Kwara. A 1909 mishan ta SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, don tunawa da Lucy, matar Karl Kumm, ta karɓi yaran da gwamnatin mulkin mallaka ta ƙwato daga hannun masu bayi ta tara a Zungeru. Ikilisiyoyin da muke taƙama da su yau sun fara ne da tattara yaran da ba su da kowa. Bai kamata jikokin waɗanda aka 'yantar su zama masu ajiye bayi ba.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, kowane mai bi da ke riƙe da ɗan wani ya auna kansa da tambayoyi masu sauƙi. Yaron yana zuwa makaranta? Abin da 'ya'yana suke ci shi yake ci? Ina yake kwana, kuma ƙofar tana da sakata ta ciki? Yaushe rabonsa da ganin iyayensa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 ga kowane yaro, ba ta ware yaran gida ba. Wanda ba zai iya riƙon ɗan wani kamar nasa ba, ya mai da shi gida ya ɗauki babba aiki ya biya shi albashi.

Na biyu, fastocin ƙauye da na sansanonin gudun hijira su zama masu tsaron ƙofa. Kada yaro ya bar ikilisiya zuwa birni sai an rubuta sunan mai ɗaukarsa, da inda yake zaune, da ikilisiyar da yake sujada, a kuma aika wa faston can takarda. Muna ba manya takardar shaida idan za su ƙaura, me zai hana mu bi sawun yara? Zumuntar Mata, wadda babu ƙungiyar da ta kai ta shiga gidaje, ta sa yaran riƙo cikin ziyararta, ta san su da sunayensu, ta tambaye su lafiya ba a gaban uwargida ba.

Na uku, kowace ikilisiya ta rubuta ƙa'idar kare yara, a karanta ta a gaban jama'a, a manna ta a bango. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a ofis, ko a gidan fasto, ko bayan koyon waƙa da dare. Duk wanda zai koyar a Makarantar Lahadi, ko ya bi da 'yan Birged, ko ya kwana da yara a taron hutu, a bincika inda ya fito da dalilin barinsa can. A zaɓi mutum biyu masu aminci, mace da namiji, waɗanda yara suka san za su iya kai musu kuka. A kuma koya wa yara tun suna ƙanana cewa jikinsu nasu ne, akwai wuraren da ba wanda ya isa ya taɓa, ko da mai riƙe da Littafi ne.

Na huɗu, idan yaro ya yi magana, a saurare shi, kada a tsawata masa, kada a kuma haɗa shi fuska da fuska da wanda ya ambata. In fyaɗe ne, asibiti ne farko, kuma cikin gaggawa, domin maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake aiki. Kada a wanke tufafin da abin ya faru a cikinsu, shaida ne. Akwai cibiyoyin da aka keɓe domin wannan, irin su Salama a Jihar Kaduna da Waraka a Kano. Daga nan sai 'yan sanda, ko ofishin jin daɗin jama'a, ko NAPTIP, kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA takan tsaya wa marasa ƙarfi. A dakatar da wanda ake zargi daga duk aikin da ya shafi yara har a gama bincike. Wannan ba yanke masa hukunci ba ne, kariya ce gare shi da yaran duka. In ya tabbata ya aikata, ƙofar tuba a buɗe take gare shi, amma ƙofar ajin yara ta rufe har abada. Sunan da za a ɓoye shi ne na yaron.

Na biyar, muna kira ga shugabannin CAN, da TEKAN, da ECWA, da Katolika, da Angalikan, da Baptis, da sauran ɗariku, su amince a tsakaninsu cewa ma'aikacin da aka kora a wuri ɗaya saboda cin zarafin yara ba zai sami bagade a wani wuri ba. Makarantun tauhidi da na Littafi Mai Tsarki su sa wannan darasi cikin karatun masu shirin zama fastoci. A kuma ware wani kaso na baiko domin kuɗin makarantar marayu da jinyar waɗanda aka cuta, ko da ginin sabuwar majami'a zai yi jinkirin shekara guda.

Gwamnatoci ma suna da nasu. A watan Yuni na 2020 gwamnonin jihohi suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, a shekarar ce kuma Jihar Kaduna ta tsananta hukunci har zuwa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Amma tsananin doka ba ya amfani in talaka ya san sai ya sayar da akuyarsa kafin a buɗe masa fayil, ko kuma shari'a za ta yi shekaru ana ɗagawa har ya gaji ya janye. A ba kotunan iyali da ma'aikatan jin daɗin jama'a kayan aiki, a kuma hukunta duk jami'in da ya mai da shari'ar yaro abin ciniki.

'Yan'uwa, ɗa na kowa ne. Yaron da aka cuta a cikin ikilisiya, aka kuma ce masa ya yi shiru saboda sunan Yesu, ba jikinsa kaɗai aka raunata ba, an sa masa ƙyamar sunan da ya kamata ya zama mafakarsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka daina zuwa sujada da suka girma, ba duniya ce ta janye su ba, abin da suka gani a hannunmu ne ya kore su. Za mu ba da lissafinsu a gaban Makiyayi Mai Kyau. Ubangiji ya ba mu idon ganin waɗannan ƙanana, da kunnen jin kukansu, da ƙarfin halin tsaya musu ko da mai laifin namu ne. Amin.